Yadda Za Ki Zaɓa wa Maigida Bindigar Farautarsa ta Farko

Idan maigidanki yana bin mafarauta daji da bindigar aro, ko da gora da kare kawai, kuma kin ƙudurta a ranki ke za ki saya masa tasa ta kansa, niyyarki mai kyau ce. Sai dai ki sani tun yanzu, wannan kyautar ba a yin ta a ɓoye. Turare da shadda da agogo ana sayo su a naɗe a ajiye wa mutum a ɗaki ya shigo ya gani. Bindiga kuwa doka ba ta yarda ki saya ki kawo gida ki miƙa masa ba, kuma ko da ta yarda, kafaɗarsa da idonsa ne ke da ikon zaɓe. Naki shi ne kuɗi da shiri da bin diddigi, kuma wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Ki fara da mutumin da zai riƙe ta

Kafin maganar kuɗi, ki zauna ke kaɗai ki auna halinsa, domin babu wanda ya san shi kamar ke. In ransa ya ɓaci, yana iya riƙe kansa? Yana shan wani abin da ke gusar da hankali? Ya taɓa ɗaga miki hannu, ko ya zare wa wani makami a rigima? Ko yana cikin wata damuwa mai nauyi da ta sa yake furta cewa ya gaji da rayuwa? In ɗaya daga cikin waɗannan ya taɓa gidanki, 'yar'uwa, ki bar maganar bindiga, ki saya masa wani abin. Ina faɗin wannan da gaske, domin abin da ya shigo gida yau zai kwana a gidan har ranar da aka yi saɓani.

Ki duba gidan kuma. Yara nawa ne ke shiga ɗakinsa? Akwai ƙannensa samari da ke ɗaukar kayansa ba tambaya? In kina da abokiyar zama, ita ma da 'ya'yanta a gidan suke, hakkinta ne ta san abin da za a shigo da shi.

Takarda kafin ƙarfe

A Nijeriya dokar bindigogi ta 1959 ce ginshiƙi, kuma ta kasa bindigogi gida uku. Kashi na farko haramtattu ne ga farar hula sai da lasisin Shugaban Ƙasa: masu sarrafa kansu, da ƙananan bindigogin hannu, da bindigogin soja masu faɗin baki milimita 7.62 ko 9, ko .300 da .303 na inci. Kashi na biyu su ne na mallakar kai, kuma lasisinsu daga Sufeto Janar na 'yan sanda yake fitowa. A nan ne bindiga mai baki ɗaya da mai baki biyu suke, da raifil ɗin farauta, har da bindigar iska da mutane ke ɗauka abin wasa ce. Kashi na uku su ne waɗanda ake ɗurawa ta baki, wato bindigar toka da danginta, kuma al'amarinsu yana hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha.

Ki lura da wani abu da yake jefa mutane cikin matsala. Bindigar nan da ake zuge hannunta gaba da baya ta ɗura sabon harsashi, wadda ake kira fam-akshin, ba ta cikin kashi na biyu, domin dokar ta cire duk mai na'urar ɗura kanta daga jerin. Komai kyanta a ido, komai yadda mai sayarwa ya kwarzanta ta, ki wuce.

Dokar ta hana ba da lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi, da wanda kotu ta kama da laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka wuce. Ta kuma hana a sayar ko a miƙa wa mutum bindiga sai ya nuna lasisinsa. Ma'ana lasisi da sunan maigida zai fita, shi zai cike takardu, shi za a bincika. Mallakar bindigar kashi na biyu ba lasisi na iya kai mutum ɗaurin shekara biyar, ta kashi na farko kuwa ɗaurinta ba ya gaza shekara goma.

Sannan ƙofar lasisin ba kullum take a buɗe ba. A watan Agustan 2023 Sufeto Janar Kayode Egbetokun, lokacin yana riƙon ƙwarya, ya bayyana cewa rundunar ta dakatar da ba da sababbin lasisi saboda yawan makamai a hannun jama'a. Don haka matakin farko na zahiri shi ne maigida, ko yayanki in kina son ki fara jin ta bakin hukuma kafin ki gaya masa, ya je hedikwatar 'yan sanda ta jiha, sashen da ke kula da rajistar bindigogi, ya tambayi abin da ake ciki yau: me ake ba wa lasisi, me aka dakatar, waɗanne takardu ake nema, kuma su wane ne dillalai masu rajista. Duk wanda ya tare ku a waje ya ce zai fito muku da takarda cikin kwana biyu in kun ba shi wani abu, ku rabu da shi. Takardar bogi ba ta ceton kowa a shingen bincike. In an ce ƙofa a rufe take, ki adana kuɗinki, ki sayi sauran kayan da zan ambata a gaba, a jira.

Wane nama yake bi?

Wannan tambayar ce ke zaɓar bindiga. Ki saurari hirarsa in ya dawo daga daji, ko ki sa a tambayi babban da yake bi, ko Sarkin Bakan garinku. Yawancin farautar da ta rage a ƙasar Hausa ta ƙananan dabbobi ce da tsuntsaye: zomo, zabon daji, fakara, hasbiya, kurciya, gafiya, gyazbi, sai kirinjijiya da ɗinya a fadama, jefi-jefi kuma gada. Duk waɗannan daga kusa ake harbinsu, yawanci a guje ko a sama. Abin da ya dace da su shi ne bindiga mai watsa ƙwayoyin dalma, irin wadda ake karyawa a tsakiya a sa harsashi. Ƙarfinta na kisa yana tsakanin mita 30 zuwa 40, bayan nan ƙwayoyin sun tarwatse sun yi sanyi. Wannan gajartar zangon alheri ce a ƙasarmu, inda daji da gona da ruga suke cuɗe da juna, kuma bayan kowane kurmi ana iya samun makiyayi ko mai itace.

Ga mai farawa, ni mai baki ɗaya nake zaɓa. Ba ta da tarkace da yawa da za su lalace, da ka karya ta kowa na ganin ko akwai harsashi ko babu, kuma harbi ɗaya tak yana koya wa mutum haƙuri da saiti. Ƙirar Baikal ta Rasha ta yi suna a Afirka ta Yamma saboda jure wahala, a ƙasashen rainon Faransa kuma an daɗe da sanin wata ƙirar da ake kira Simplex. Aibinta ɗaya, rashin nauyi. Mai baki ɗaya ba ta cika kai kilo 3 ba, kuma duk bindigar da ta yi sauƙi a hannu ta fi dukan kafaɗa. Mai baki biyu ta ɗan haura kilo 3, ta fi laushin duka, tana ba da damar harbi na biyu in zabi sun tashi garke guda, amma ta fi tsada, kuma mai araha a cikinsu sau da yawa bakunan nata biyu ba sa kai ƙwaya wuri ɗaya.

Sai lambar baki. Za ki ji ana cewa 12, 16, 20. Ƙaramar lamba ita ce babban baki: mai 12 faɗinta kusan milimita 18.5 ne, mai 20 kuma kusan 15.6. Mai 20 ta fi sauƙin ɗauka ga mai ƙaramin jiki, amma kafin ki karkata gare ta a tambayi dillali wane harsashi yake samuwa a shagonsa duk shekara. Harsashin 12 ne ya fi yawa a kasuwa, kuma bindigar da ba a samun harsashinta ratayewa kawai za a yi.

In raifil ransa ke so

Raifil harsashi ɗaya tilo take jefawa, cikin bututunta akwai zane mai murɗawa da ke sa harsashin ya tafi nesa a miƙe. In kika shiga intanet za ki tarar mafarautan Amurka da Turai suna ba mai farawa shawarar raifil mai cin harsashin da ake kira .308 ko .30-06. Su manyan dabbobin dajinsu suke bi, ƙarƙashin dokarsu. Faɗin bakin waɗannan biyun daidai yake da milimita 7.62 da dokarmu ta sa a jerin na soja, saboda haka shawarar ba tamu ba ce.

Wadda ta dace da mai koyo ita ce ƙaramar raifil mai cin harsashin .22, wadda ake ɗanawa da hannu bayan kowane harbi. Ba ta dukan kafaɗa, ƙararta da sauƙi, tana kama zomo a zaune daga mita 50 ba tare da ta farfasa nama ba. Amma ƙanƙantarta na yaudarar mutane. Harsashin .22 da ya kuskure yana iya tafiya sama da kilomita ɗaya da rabi, kuma yana tsalle in ya bugi dutse ko ruwa. Ba a harbin tsuntsun kan itace da ita, ba a harbi sai an ga tudu ko ƙasa a bayan abin da aka auna. In inda maigida ke farauta fili ne shimfiɗaɗɗe mai gonaki da rugage, ki koma ga mai watsa ƙwaya.

Bindigar toka

Mafarautanmu da yawa da ita suka tashi, kuma ita ce ta fi kusa da aljihun talaka. Ba na raina ta, amma ina jin tsoron ta a hannun sabon shiga. Lafiyarta gaba ɗaya tana kan ƙarfen da aka yi bututun da shi da hannun wanda ya ƙera, kuma babu wata hukumar gwaji da ta buga mata hatimi. Wadda aka yi da bututun ruwa mai ɗinki tana iya tsagewa a hannu, kuma a garuruwan mafarauta ba a rasa wanda ya rasa yatsu ta haka. In ita za a saya, a je da tsohon maharbi da ya san aikin maƙerin shekara da shekaru, a tabbatar maƙerin yana da izinin hukuma, domin dokar ta buƙaci haka, a kuma yi mata rajista. Awon albarushi wurin malaminsa zai koya, ido da ido. Abu ɗaya da zan ja kunne a kai: kada a kuskura a farke harsashin zamani a juye garinsa cikin bindigar toka. Ƙarfinsa ya fi ƙarfin bututunta.

A shagon dillali

Ranar zuwa, maigida ya sa irin rigar da yake shiga daji da ita, ya kuma tafi da wanda ya san bindiga. Bindiga kamar ɗinki take, sai an auna mai sawa.

A fara gano idon da yake jagora. Ya buɗe ido biyu ya nuna wani abu mai nisa da yatsa, sannan ya rufe ido ɗaya, ya buɗe, ya rufe ɗayan. Idon da yatsan ya tsaya a kan abin in shi kaɗai ke buɗe, shi ne jagora. In na dama ne hannunsa amma idon hagu ke jagora, gara ya koyi harbi ta kafaɗar hagu tun daga farko. In bahago ne a gaya wa dillali, domin wasu ƙotoci an karkata su ne don na dama.

Bayan an karya bindigar kowa ya ga babu komai ciki, ya rufe ido ya ɗaga ta zuwa kafaɗa, kuncinsa a kan ƙota, sannan ya buɗe ido. In ya tarar idonsa na kallon saman bututu a miƙe har zuwa ɗan ƙwallon saiti, ta zauna masa. In sai ya miƙa wuya ko ya ɗaga kai, a gwada wata. Tsakanin hancinsa da babban yatsan da ya riƙe wuyan ƙota ya kamata a sami faɗin yatsa biyu zuwa uku. Daga kunama zuwa ƙarshen ƙota yawanci wajen santimita 36 ake yi, wanda ya yi wa matsakaicin mutum, ana kuma iya ragewa ko a ƙara roba. Tsawon bututu santimita 71 ya wadatar da kusan duk farautar da na lissafa.

A duba jikin bututun, za a ga an buga 70 ko 76. Tsawon harsashin da take ɗauka ke nan a milimita. Mai 76 tana cin na 70, amma mai 70 ba a sa mata na 76, ko da ya shiga.

In ta hannu ce, a ƙara natsuwa. A ɗaga bututu a leƙa ta cikinsa wajen haske: ya zama sumul, babu ramukan tsatsa. A shafa bayansa da yatsu a ji ko akwai lotsawa ko kumburi, in akwai kumburi ciniki ya ƙare. A rufe ta a girgiza, kada a ji motsi tsakanin bututu da jiki. A duba wuyan ƙota ko da tsaga, a gwada makullin kariya ya kama da kyau. Lambar da ke jikinta ta fito sarai, ta kuma yi daidai da ta takarda. Wadda aka kankare lambarta, ko aka ce ta wani marigayi ce ba takarda, ko aka kawo da dare a buhu da farashi mai daɗi, ba a san abin da aka aikata da ita ba, kuma wanda aka kama da ita shi zai amsa. Araha ba ta ado. A karɓi rasiɗi mai ɗauke da lambar bindiga da sunan maigida.

Abin da za ki iya naɗewa ki ba shi

Kada kuɗin adashenki ya ƙare a kan bindigar kaɗai. Ki ware wajen kashi ɗaya cikin uku don kayan da ke tafiya da ita, kuma a nan ne za ki iya yi masa ba-zata yadda ranki ke so.

Na farko akwatin ƙarfe mai kwaɗo, wanda maƙerin ƙofofi zai iya haɗawa a kafe shi a bango. Bayan ƙyaure da ƙarƙashin katifa da saman sif duk yara sun san su. Harsashi kuma a wani wuri dabam mai nasa makullin. Tsare bindiga nauyi ne da doka ta ɗora wa mai lasisi, in ta ɓace kuma wajibi ne a sanar da 'yan sanda. Sai jakar ɗauka, da sandar wanke bututu da burushinta da man bindiga, domin ƙurar hunturu da laimar damina duk suna cin ƙarfe. Sai abin toshe kunne. Ƙarar harbi tana wuce ma'aunin da ke lalata ji nan take, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. Ki ƙara da wuƙar yanka mai kaifi da takalmi mai rufe idon sawu saboda maciji da ƙaya.

Harsashi shi zai saya da lasisinsa. Babbar lamba ƙananan ƙwayoyi ke nan: 7 ko 6 don kurciya da hasbiya, 5 ko 4 don fakara da zabo da zomo, BB, wato mai manyan ƙwayoyi, don ɗinya. Kada a taɓa haɗa harsashin 20 da na 12 a aljihu ɗaya. Na 20 yana zurmawa cikin bututun 12 ya maƙale a gaba, mutum ya ɗauka babu komai ya sa wani a bayansa, bindiga ta fashe. Ke kuma mai girki, ki riƙa tsince ƙwayoyin dalma daga nama, ki yanke wurin da suka ratsa, musamman in yara ko mai ciki za su ci. Wanda ya ji abin da dalma ta yi wa yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara a 2010 ya san guba ce.

Makonnin farko

Kada fitarsa ta farko ta zama farauta. Ya je da malaminsa wurin da babu mutane, mai tudu a baya, su kafa babban kwali mai faɗin mita ɗaya a nisan mita 30, ya harba ya ga inda ƙwayoyin ke taruwa. Daga nan zai san ko bindigarsa na kai sama ko ƙasa, da iyakar nisan da zai iya kashewa ba raunatawa ba. Dabbar da aka raunata ta gudu ta mutu a rami asara ce da alhaki.

Ƙa'idojin riƙo kaɗan ne, kuma ke ma ki haddace su, domin ke za ki ga ranar da aka fara sakaci. Kowace bindiga a ɗauka a ɗure take. Bakinta ba ya kallon mutum ko da wasa, kuma hadisi ingantacce ya hana nuna ɗan'uwa da makami. Yatsa ba ya taɓa kunama sai an yi niyyar harbi. Ba a harbin motsin ciyawa sai an ga dabba da ido an ga abin da ke bayanta. A karya ta a cire harsashi kafin tsallake rafi ko shinge, kafin hawa babur, kafin shigowa gari. Kafin kowace fita a leƙa bututu, domin zanzaro na gina ɗakinsa a ciki, kuma ɗan laka ya isa ya fasa shi. In Musulmi ne, ya yi bisimilla lokacin harbi, in ya tarar da dabbar da sauran rai ya yanka.

Lasisin bindiga dabam, izinin farauta dabam. Ya tambayi ofishin gandun daji na jiharku game da takardar farauta da lokutan da aka hana. Ba a farauta a Yankari, ko Falgore, ko Kamuku, ko mafakar tsuntsaye ta Dagona, kuma giwa da zaki da damisa da jimina doka ta kare su. Dazukan da 'yan bindiga suka mamaye, irin su Rugu da na yankin Birnin Gwari, mai riƙe da bindiga a cikinsu yana tsakanin wuta biyu, ta ɓarayi da ta jami'an tsaro.

Tafiya da ita ma sai da shiri. A watan Maris na 2025 aka kashe mafarauta 16 'yan Arewa a Uromi ta jihar Edo, suna kan hanyar komawa Kano yin Sallah, bayan 'yan sintiri sun ga bindigogin toka a motar da suka hau. Zalunci ne aka yi musu, Allah Ya ji ƙansu, kuma ya nuna irin kallon da ake yi wa baƙo mai makami a hanya. Maigida ya shiga ƙungiyar mafarauta mai rajista ya karɓi katinta, ya riƙa tafiya da lasisinsa na asali, ki ajiye kwafi a gida da hotonsa a waya. Bindiga ta yi tafiya a jaka, ba harsashi a ciki. In za su shiga wata ƙasar da ba a san su ba, shugabansu ya fara kai gaisuwa wurin mai gari da baturen 'yan sandan yankin. Ki rubuta ranar da lasisin zai ƙare a inda za ki gani, ki tuna masa saura wata guda, kuma duk ranar fita ya gaya miki dajin da za su shiga, da wanda ke jagorantar su, da lokacin da za ki sa ran dawowarsu.